Yau kore, gobe ja: ta yaya mutum zai gane inda kasuwar hannun jari ta dosa?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, don Allah masu sani su warware min. Bara na fara sayen hannun jari ta manhajar waya, kaɗan-kaɗan daga albashi: siminti, sadarwa, da wani kamfanin abinci. Kullum da yamma nakan duba rahoton kasuwa. Ran Litinin a ce kasuwa ta yi asarar biliyoyin naira saboda masu jari suna kwashe riba. Talata a ce ta farfaɗo saboda masu jari sun samu ƙwarin gwiwa. Laraba ta sake komawa ja, wato ta sake faɗuwa. Mutanen nan fa su ne dai na jiya. Yaya za a yi su karaya Litinin, su ƙarfafa Talata, su sake karaya Laraba, alhali babu wani sabon labari da ya fito? Ni so nake in san inda kasuwar ta nufa, in ci gaba da saye ko in dakata, amma duk sanda na buɗe wayar sai kaina ya ƙara ɗaurewa.

Abu Yusra:
Wa alaikumus salam Anti. Ba a hargitse take ba, karatunta ne ba ki koya ba tukuna. Kowane hannun jari yana da farashin da in ya sauko kansa sai ya tsaya, da wanda in ya kai sai ya juyo. Ki ɗora layin matsakaicin farashin kwana 50 da na kwana 200 a jadawalin, wato zanen da ke nuna hawa da saukar farashi. In na 50 ya haye na 200, hawa za a yi. In ya nutse ƙarƙashinsa, ki fita. Ni da shi nake aiki kuma ina ganin haske.

Malamin Lissafi:
Maman Hanif, abin da kika lura da shi gaskiya ne. Mai rubuta rahoton yamma dole ya cike gurbinsa. Farashi ya riga ya motsa, shi kuma sai ya nemo masa dalili daga baya. In ta sauka, an kwashe riba. In ta hau, an yi rububin masu araha. Ba wai ƙarya ya zauna ya shirya ba, amma bai ji ta bakin ko mutum goma cikin dubban da suka saya suka sayar a ranar ba.

Bari in sa lambobi, na misali ne, ba na wata kasuwa takamaimai ba. A ce kasuwa tana haɓaka da kashi 10 cikin 100 a shekara. Ranakun ciniki a shekara kusan 250 ne. Raba 10 gida 250, kin samu kashi 0.04 a rana. Wannan ita ce tafiyar da kike nema. To amma a rana guda ma'aunin kasuwa, wato lambar da ke haɗa farashin kamfanonin kasuwar wuri ɗaya, yakan yi sama ko ƙasa da kashi 1 ba wanda ya ɗaga kai. Kin ga girgizar ta ninka tafiyar sau 25. Duk mai kallon rana ɗaya, kusan dukkan abin da idonsa ke gani girgiza ce.

Ga inda haƙuri yake amfani. Tafiya taruwa take, ta yau a kan ta jiya. Girgiza kuwa cin junanta take, ta yau ta soke wani ɓangare na ta jiya, shi ya sa girmanta a hankali ne. In kina son sanin girmanta a shekara, ba da 250 za ki ninka ba, da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 250, wato kusan 16. A shekara ɗaya kenan tafiya 10, girgiza 16. Har yanzu girgiza ce a sama. A shekara goma tafiya ta haura 100, girgiza wajen 50. Sai a nan ido ke fara rarrabewa.

Kasuwar Amurka tana da dogon tarihin ƙididdiga, kuma abin da ta nuna kenan. Ma'aunin S&P 500 yana rufewa a sama a ranaku 53 ko 54 cikin 100, kusan rabi da rabi. In aka koma ƙirga shekaru, wajen uku cikin huɗu a sama suka ƙare.

Abu Yusra:
Malam, da girmanka, lissafin aji daban, kasuwa daban. Ni da idona nake ganin siffofi suna maimaita kansu a jadawali. In hannun jari ya yi kwana biyar yana hawa a jere, za ka ce min wannan ma dace ne?

Malamin Lissafi:
Zai iya zama dace ƙwarai, Abu Yusra. Nakan sa ɗalibaina su ɗauki kwandala su yi ta jefawa, fuska ɗaya a ƙara maki, ɗaya fuskar a rage, su zana layin a takarda. Abin da ke fitowa ba ka bambanta shi da jadawalin hannun jari: ga hawa, ga gangara, ga wurin da za ka rantse farashi ya samu tudun dafawa. A jifa 100, damar samun fuska ɗaya, ko wacce ce cikin biyun, sau biyar a jere ta haura kashi 90. Rashin samunta ne ma abin mamaki.

Kuma ba yau aka fara lura ba. A 1900 wani Bafaranshe, Louis Bachelier, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Paris kan cewa motsin farashi a kasuwar birnin yana bin ƙa'idar dace. A 1953 Maurice Kendall, masanin ƙididdiga a Ingila, ya tattara farashin mako-mako na hannayen jarin Ingila da alkamar Chicago da audugar New York, yana neman tsarin da ke maimaituwa. Bai samu abin kirki ba, canjin wannan makon bai gaya masa na mako mai zuwa ba.

Ummu Salma:
Subhanallah. To Malam in har kwandala da kasuwar ɗaya suke, ai caca ce kenan. Mu fa abin da ke hana mu shiga kenan.

Tsohon Dillali:
Hajiya, a'a, a raba zancen gida biyu. Kwandala ba ta da masana'anta. Wanda ya sayi hannun jarin kamfanin siminti ya mallaki wani yanki na kamfanin da ke fasa dutse, ya ƙona, ya cika buhu, ya sayar, a ƙarshen shekara a raba riba. Abin da Malam yake cewa, motsin farashin daga yau zuwa gobe ne ya yi kama da kwandala. Wanda ya shigo don ya canki na gobe kawai, shi ne ya matsa kusa da abin da kike tsoro. Hukunci dai na malamai ne, a kai musu. Abin da zan ƙara, tun 2012 akwai ma'aunin Lotus Islamic a kasuwar Legas, wanda ke tace kamfanoni, ya fitar da bankunan ruwa da giya da taba da masu bashin ruwa da ya wuce kima. Mai son bincike daga nan zai fara.

Baban Ummi:
Na yi shiru ina karantawa, amma wannan magana ta "girgiza ce kawai, a yi haƙuri" ta taɓa min tsohon miki. Ita aka gaya mana a 2008.

Yaran nan ba su ga lokacin ba. Bayan Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, aka shiga sayar da hannun jari kamar a bakin ƙwarya. Fom har cikin Kwari da Sabon Gari ake kawo mana, har ƙofar masallaci. Wanda bai taɓa jin sunan kasuwar ba ya sayar da fili ya saya. Ni kuɗin sallamata daga aiki na zuba a bankuna biyu, ba zan kama suna ba. Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin ya kai 66,371. Daga nan ya fara zamewa. Na je ofishin dillalina, wani matashi mai ladabi, ya zaunar da ni ya kawo min ruwa, ya juyo da kwamfutarsa ya nuna min layin shekara uku yana hawa, ya ɗora biro a kan 'yar gangarar ƙarshe ya ce Baba dubi ƙanƙantarta, kasuwa numfashi take. Shekarar ta ƙare a 31,450. A Maris 2009 ta faɗo ƙasa da 20,000. Ɗaya daga cikin bankunan nawa yau ko sunansa babu.

Kun san yaushe ma'aunin ya sake taka 66,000 ɗin nan ya wuce? Agustan 2023. Shekara 15. Abokaina da muka cike fom tare, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba su gani ba. Don haka in an ce wa baiwar Allah nan ta kau da kai daga jan da take gani, a gaya mata kuma wata rana jan nan gaskiya yake faɗa.

Maman Hanif:
Allah ya jiƙansu da rahama, Baba. Allah ya mayar maka da alheri. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Malamin Lissafi:
Amin. Baba, maganarka dutse, kuma ba ta ci karo da tawa ba. Ban ce kowace faɗuwa girgiza ce ba. Cewa na yi daga farashin kaɗai ba ka iya bambance wacce ce wacce a lokacin da abin ke faruwa. Makon farko na rugujewar 2008 da makon da ba komai a cikinsa, a jadawali kamarsu ɗaya. Dillalinka ya kalli layi ya ce numfashi ne. Wani zai kalli irin layin ya ce rugujewa ce, ya sayar, kasuwa ta juya ta bar shi. Dukkansu layi suka tambaya, layin kuma ba shi da amsar.

Japan ta ishe mu misali ta fuska biyu. Ranar 5 ga Agusta 2024 ma'aunin Nikkei ya faɗi da kashi 12.4 a yini ɗaya. Washegari ya tashi da kashi 10.2. Kamfanonin Toyota da Sony ba su canza a cikin awa 24 ba. Amma wannan Nikkei ɗin ne ya kai 38,915 a ƙarshen Disambar 1989, bai sake ganin wurin ba sai Fabrairun 2024, shekara 34. Kuma wanda ya ce dogon lokaci kullum riba ne, shi ma ya wuce gona da iri. Lissafin da na kawo ɗazu na ce "a ce tana haɓaka da kashi 10". Wannan "a ce" ɗin ba wanda ya ba mu shi a rubuce.

Tsohon Dillali:
Ranka ya daɗe Baba, ina cikin harkar a lokacin, kuma har yau abin yana ci min rai. Amma bari in faɗi abin da ake iya gani a 2007 ba tare da an kalli jadawali ba, don a nan darasin Maman Hanif yake.

Bankuna suna ba mutane bashi su sayi hannun jari, wani lokaci na bankin da ya ba da bashin, hannun jarin kuma shi ne jingina. Ka ga farashi na hawa saboda bashi, bashi na ƙaruwa saboda farashi ya hau. Kamfanonin da ko rahoton shekara ba su fitar ba farashinsu na ninkawa. Wannan ba a ɓoye yake ba, duk wanda ke zaune a ofishin dillali ya sani. Sai kuɗin waje suka fara ficewa, ɗanyen mai ya faɗo daga dala 147 a Yulin 2008 zuwa ƙasa da 40 a Disamba, katafaren bankin Amurka Lehman Brothers ya rushe a Satumba. A Agustan 2008 har doka aka sa cewa hannun jari ba zai sauka fiye da kashi 1 a rana ba. Me ya faru? Masu saye suka ɓace, masu sayarwa suka yi layi, farashin da ke kan allo ya zama na ado. Bayan kamar wata biyu aka cire dokar, faɗuwar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sai da Sanusi Lamido Sanusi ya zo Babban Banki, ranar 14 ga Agusta 2009 ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420, sannan jama'a suka ga girman ramin.

Abin nufi, alkiblar tana cikin littafin bankunan. Farashin shi ne ya zo ƙarshe da labari.

Ɗan Dawanau:
Ni ban san hannun jari ba, hatsi na sani, amma kamar na gane zancen. A wurinmu da safe in tireloli suka shigo da yawa a lokaci ɗaya, buhun masara ya sauka. Kafin la'asar wani babban mai saye daga kamfanin abincin kaji ya turo yaransa, ya koma ya hau. Baƙon da ya zo da hantsi zai koma gida ya ce masara ta karye, wanda ya zo da yamma ya ce ta yi wuta. Mu da ke zaune ba ma kallon wannan. Muna kallon damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, taki nawa aka saya, iyaka a buɗe take ko a rufe, nawa ya rage a rumbunan ƙauye. Da kaka a saya, da bazara a fitar.

Abu Yusra:
Yauwa Alhaji! Ka ga kenan akwai tsari. Da kaka araha, da bazara tsada. Abin da nake faɗa kenan.

Ɗan Dawanau:
Tsaya ɗana, ban gama ba. Hatsi yana da kaka saboda Allah ya sa sau ɗaya ake girbi a shekara, ajiya kuma tana cin kuɗi da ƙwari. Hannun jari wane wata ake girbe shi? Kuma ko namu tsarin ba wahayi ba ne. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150. Waɗanda suka cika sito da kakar suna jiran bazarar 2025 kamar kullum, da yawansu a ƙasa da yadda suka saya suka fitar. Wanda ya saurari labarin harajin ya rage saye. Wanda ya dogara da "haka ake yi duk shekara" ya ji jiki.

Tsohon Dillali:
Allah ya ƙara arziki Alhaji. Bari in ƙara wa Maman Hanif wasu abubuwa da suka shafi kasuwarmu ta NGX, wato kasuwar hannun jari ta Legas, don girgizarta tana da nata salon.

Ma'aunin da ake karantowa a labarai, wanda ya fara daga 100 a Janairun 1984, ba ƙirga kamfanoni yake kai ɗaya-ɗaya ba. Kowa da nauyinsa gwargwadon girmansa. Dangote Cement, BUA Foods, BUA Cement, MTN, Airtel, waɗannan 'yan ƙalilan sun danne sauran. In ɗaya daga cikinsu ya motsa da kashi 10, wanda shi ne iyakar motsin rana, sai ki ji an ce kasuwa ta ci ribar biliyoyi, alhali kamfanoni da dama a ja suka kwana. Kuma wasu manyan, yawancin hannayen jarinsu na hannun masu kamfanin, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne, ciniki ƙalilan ya isa ya motsa su.

Dubi 2024. Ma'aunin ya fara shekara a 74,773, ya ƙare a 102,926, ƙarin kashi 37.65. Kyakkyawar shekara, ko? To kashi 35 a watan Janairu kaɗai aka yi shi, lokacin da Dangote Cement ya tashi daga wajen naira 320 ya haura 700. Sauran wata goma sha ɗaya kai da komo aka yi ta yi a kusan wuri ɗaya. Wanda ya fita a Disambar 2023 yana jiran ta ɗan sauko ya rasa shekarar gaba ɗaya. Wanda ya ga Janairu ya ce ga alkibla ya shigo a Fabrairu, shi ma bai tsinci abin kirki a ma'aunin ba.

Sai wani ƙaramin abu da ke firgita sababbi. Ranar da aka rufe rajistar masu karɓar rabon riba, ana cire adadin ribar daga farashin. Ki wayi gari ki ga naki ya sauka da naira 20 ko 30, ki ɗauka wani abu ya lalace, alhali kuɗin ne ke hanyar shiga asusunki.

Injiniya:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a ganina ya fi duk waɗannan ɓoye gaskiya. Da wane ma'auni muke auna hawan? A 2024 ɗin da Yallaɓai ya ambata, hauhawar farashin kaya a Disamba kashi 34.80 ce. Cire ta daga 37.65 ku ga abin da ya rage. In da dala ka auna, naira ta fara shekarar a wajen 900, ta ƙare sama da 1,500, ka ga asara ce ma.

Ku koma kan maganar Baba. A Maris 2008 dala tana wajen naira 118. A Agustan 2023 da aka yi ta murnar an karya tarihi, tana wajen 770. Maki ɗaya ne, 66,000, amma a dala bai kai kashi ɗaya cikin shida na da ba. Gaskiya ne ma'aunin ba ya ƙirga rabon ribar da mutum ya karɓa a tsawon shekarun, wannan zai rage zafin. Duk da haka layin da ke hawa a naira ba lallai dukiya ce ke hawa ba, wani lokaci nairar ce ke sauka.

Malamin Lissafi:
Haka ne Injiniya. Kuma 2020 ta nuna wani ɓangaren. Ga korona, ga kulle, tattalin arziki ya shiga karaya, ga zanga-zangar EndSARS a Oktoba. A shekarar ma'aunin Legas ya tashi da kashi 50. Ranar 12 ga Nuwamba sai da aka dakatar da ciniki na ɗan lokaci saboda tsananin hawa. Dalilin ba a jadawali yake ba: ruwan da takardun bashin gwamnati na gajeren zango ke biya ya faɗo ƙasa da kashi 1, manyan masu kuɗi irin su asusun fansho suka rasa inda za su ajiye, suka kwararo hannun jari. Wanda ke bin labarin Babban Banki ya fi mai ƙirga kore da ja fahimtar shekarar.

Abu Yusra:
Kun taru a kaina, amma ban sauka ba. Malam, kai da kanka ka san kasuwarmu ba ta Amurka ba ce. Labari a nan a hankali yake yaɗuwa. Ga dokar kashi 10: in labari mai kyau ya fito wanda ya isa ya ɗaga kamfani da kashi 30, ba zai yi a rana ɗaya ba, sai ya kwana uku yana bugun rufi. Wanda ya gani ranar farko ya san na gobe. Wannan ba kwandala ba ce.

Malamin Lissafi:
A nan kana da gaskiya, kuma zan ƙara maka hujja. A 1993 wasu masana biyu a Amurka, Jegadeesh da Titman, sun nuna cewa hannayen jarin da suka fi tashi a watanni 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da fin sauran na wasu watanni. An sake samun haka a ƙasashe da yawa. Don haka ban ce babu tsari ko kaɗan ba. Amma lura, watanni ake magana, kuma a kan tarin kamfanoni masu yawa, ba ɗaya ba, kuma ribar 'yar kaɗan ce a kan matsakaici, wasu shekarun ta juye ta zama mummunar asara.

Tsohon Dillali:
Kuma ranar da yake bugun rufin, Abu Yusra, wa zai sayar maka? Ka sa odarka ka shiga layi, masu saye dubu, mai sayarwa babu. Ranar da odarka za ta shiga ita ce ranar da masu shi suka ga ya isa. Sannan ga kuɗin ciniki: kamashon dillali, na hukumar kula da kasuwar wato SEC, na NGX, na ma'ajiyar hannayen jari wato CSCS, harajin hatimi, VAT. Shiga da fita ɗaya zai iya cin kusan kashi 4 a wurin dillalai da yawa. Mai shiga da fita sau goma a shekara, ka lissafa abin da ya bari a hanya kafin ya fara maganar riba. Na riƙe asusun mutane da yawa, kuma masu yawan kira a waya ba su ne suka fi tara abu ba.

Baban Ummi:
Ni ma ban kira kowa a waya ba, ka ga inda na ƙare.

Tsohon Dillali:
Gaskiya ne Baba, ba ni da bakin musu. Zaman shiru ba tare da duba littafin kamfani ba, shi ma haɗari ne. Kuma kuɗin sallama gaba ɗaya a sashe guda, bai kamata wani dillali ya bari hakan ta faru ba.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na fahimci rahoton yamma ba zai gaya min abin da nake nema ba. To Yallaɓai, littafin kamfanin da kake ta ambata, ni ma'aikaciyar jinya ce, ban karanci akanta ba. Me zan duba a ciki, kuma a ina?

Tsohon Dillali:
Kowane kamfani da ke kasuwar dole ya fitar da rahoto duk wata uku, kyauta ne a shafin NGX da na kamfanin. Kada yawan shafukan ya tsorata ki. Ki duba cinikinsu ya ƙaru a kan na bara ko ya ragu, kuma ƙarin ya wuce hauhawar farashi ko bai kai ba. Ki duba ribar bayan haraji. Ki duba bashin da ke kansu, musamman in na dala ne. Sai ki raba farashin hannun jari ɗaya da ribar da ya samar a shekara, ki ga shekara nawa za ki yi kafin ribar ta biya abin da kika kashe.

Tunda kina da na sadarwa, ɗauki MTN. Bayan an saki naira a Yunin 2023, kamfanin ya bayyana asarar wajen naira biliyan 137 a 2023, da wajen biliyan 400 a 2024. Mai karanta kanun labari zai ce ya mutu. Mai buɗe rahoton zai ga cinikin kira da data ƙaruwa yake, asarar daga canjin kuɗi ta fito, saboda haya da basukan da ke ɗaure da dala. Tambayar kenan ta koma kan naira za ta ci gaba da zubewa ko za ta tsaya, kuma za a bar su su ƙara kuɗin kira ko a'a. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50, naira ta ɗan natsu, kamfanin ya koma riba a watanni ukun farko na shekarar. Ba cewa nake ki saya ko ki sayar ba. Da naira ta ci gaba da faɗuwa da labarin ya sha bamban, kuma ba wanda ya san hakan tabbas a lokacin. Amma aƙalla tambayoyin da kike yi sun zama masu amsa.

Baban Ummi:
'Yata, ki ƙara da nawa: kuɗin makarantar Hanif da na haya kada su shiga can, komai kyan rahoton. Bankunan da suka cinye mu ma rahotonsu kyakkyawa ne a takarda har ranar da aka bankaɗo.

Maman Hanif:
In sha Allahu Baba, na riƙe.

Abu Yusra:
Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa jadawali yana magana. Malam, in ka yarda mu gwada. Zan riƙa sa hasashena a nan kowa ya gani.

Malamin Lissafi:
Na yarda, da sharaɗi. Ka rubuta kafin a buɗe kasuwa, ba bayan an rufe ba. Ka faɗi kamfanin, farashin shiga, da inda za ka fita in ta ci ko in ta ƙi. Ba gogewa, ba gyarawa, Admin ya riƙa ɗaukar hoton kowanne. Za mu cire kuɗin ciniki kamar yadda Yallaɓai ya lissafa, kuma ranar da babu mai sayarwa ba za mu ƙirga ka saya ba. Sai mu gwada sakamakonka da na wanda ya sayi manyan kamfanoni goma ranar farko ya ajiye. Kuma ba wata ɗaya ba, don a wata ɗaya ko ka ci ko ka faɗi ba abin da zai nuna. Aƙalla hasashe 100.

Admin:
Na karɓi aikin ajiye hotunan. Abu Yusra, a takarda za a yi gwajin nan, kada wani a zauren ya bi hasashen da kuɗinsa. Ran Litinin kafin ƙarfe tara muna jiran na farko.